Usur ɗin Lung Chuang

Direban jirgin fasinja a kogin Chao Phraya ba ya ganin bayansa. Yana can gaba cikin ɗan akurkinsa, tsakaninsa da wutsiyar jirgi ga kujeru ga mutane a tsaye kamar an zuba su, kuma ta wutsiyar nan ake hawa ake sauka. Idon direba shi ne mai igiya. Shi ke tsalle ya dira kan dandamalin ƙarfen tasha, wanda shi ma rawa yake a kan ruwa, ya zarga igiya a turke, ya dinga hura usur. Gajeru a jere, a dawo da baya. Doguwa ɗaya, a tsaya. Biyu, a yi gaba. A jirginmu Lung Chuang ne mai igiya, ni kuwa Rokiya ni ce mai yankar tikiti, kuma na fi shekara goma ina kaɗa gwangwanina na tikiti da kuɗi a gefensa.

Lung muke ce masa, kamar yadda ake ce wa duk wanda ya isa ya zama wan mahaifinka. Gajere ne, rana ta ƙona shi ta gaji ta bari, yatsun ƙafarsa a baje kamar na agwagwa don bai san takalmi ba sai da ya girma. A kan ruwa aka haife shi, cikin jirgin katako mai dakon shinkafa daga Ang Thong. Ya ce ranar da ya fara kwana a ɗakin da ba ya motsi, amai ya yi. A jirgin da ake ɗaurewa kusa da nasu akwai wani da ya ɗan girme shi, sunansa Thawin. Tare suka koyi iyo, tare suka saci mangwaron haikali, tare aka zane su. Da manyan motoci suka ƙwace dakon shinkafa, iyayensu suka rabu da jiragen, su biyun suka gangaro Bangkok da riguna a ƙulle cikin zane. Thawin yana da ɗan karatu, ya ci jarrabawa ya zama direba. Chuang ban da sunansa babu abin da ya iya rubutawa, sai ya kama igiya. Tun daga lokacin ɗaya na gaba ɗaya na baya, har furfura ta same su a haka.

Pi yake ce wa Thawin, wato yaya, kuma yayan ne har zuci. Ban taɓa ganin ya zauna a inda ya fi na Thawin tudu ba. In an kawo ruwan ƙanƙara sai ya fara zuba masa. Da safe Thawin ke rataya furanni a goshin jirgi don uwar jirgi, wadda suka yi imani ita ke tsare shi, Chuang na bayansa da hannuwa a haɗe, ni kuma ina gefe ina azkar ɗina. In sun gama sai Lung ya waiwayo ya ce, “Kiya, kin roƙa mana a naku ɓangaren? Kogin nan faɗi gare shi, ba a raina taimako.” In ce masa na roƙa wa kaina, su su ji da kansu. Bai taɓa cin naman alade a kusa da ni ba, can ƙarshen tasha yake tafiya ya juya min baya, ko da ana ruwa.

Baƙi ’yan yawon buɗe ido kuwa, shi ne malaminsu, alhali abin da ya sani na harshensu bai cika cokali ba. Kallo ɗaya zai yi wa mutum ya san inda za shi. Mai taswira a kife, fadar sarki za shi, a sauke shi a tashar Tha Chang. Masu hula da lema, gunkin Buda mai kwance za su gani, Tha Tien ke nan. Wanda ya ƙura wa hasumiyar haikalin Wat Arun ido baki buɗe, sai Lung ya kama hannun rigarsa ya nuna masa ƙaramin jirgin fito, ya yi masa alamar tsallakawa. In ya ga budurwa da ɗan guntun wando ta nufi fada, sai ya dafa gwiwarsa ya girgiza kai, ya nuna mata masu sayar da zane, don ya san daga ƙofa za a koro ta. Wasu su gode, wasu su ɗauka damfara ce su riƙe jakarsu gam. Ni irin wannan yake ƙona min rai, shi ko a jikinsa.

“Ƙyale su,” in ji shi. “Wanda ya bar gidansa ya tsallako teku don ya ga rufin gidan wani, ai tausayi ya kamace shi.”

Abin da bai yarda da shi ba guda ne, a tsaya masa a bakin wutsiya. Tsakanin jirgi da dandamali akwai tsofaffin tayoyi a rataye, kuma akwai ɗan ramin da ke buɗewa yana rufewa da numfashin kogi. A nan fara’arsa take ƙarewa. Na ga ya daka wa babban soja tsawa, na ga ya tare sufin addinin Buda mai mayafi ruwan lemo da ƙirji. Ya ce ramin nan ba ya tambayar mutum ko shi wane ne.

Kunnena ne ya fara gane wani abu ya sauya, tun kafin hankalina. Shekaru ina jin usur sannan inji ya amsa, kamar kira da amsawa. Sai wata damina na lura injin ne ke fara gurnani, usur ya biyo a guje. Tazarar ba ta kai ƙiftawar ido ba, fasinja ba zai taɓa ji ba. Na ce ko ni ce na gaji. Na sa kunne kwana da kwanaki, tasha bayan tasha, na tabbata. Sannan sauran abubuwa suka dinga faɗo min. Thawin ya daina zama cikin hirar direbobi. In ka yi masa magana sai ya yi murmushi ya gyaɗa kai, ko me ka ce. Lung kuma ya jefar da usur ɗinsa na da ya sayo na ƙarfe mai huda kai, yana hura shi har jijiyoyin wuyansa su tashi.

Na tare shi a Nonthaburi, ƙarshen layi, muna hutun rana. Yana zaune a kan turke da shinkafa da kaza a ganyen ayaba, Thawin ya tafi kasuwa.

“Lung, usur ɗinka ke tuƙa jirgin nan, ko jirgin ke tuƙa usur ɗinka?”

Bai ɗago ba. “Ke dai ’yar Musulmi, bakinki ya fi gwangwaninki ƙara.”

“Tambayarka na yi.”

“Ci abincinki kada ya huce.”

“Pi Thawin ba ya ji, ko?”

Ya daɗe yana tsince ƙashi daga cikin shinkafar. Can ya ce, “Yana ji kaɗan. In an matso.”

“Tun yaushe?”

“Tun bikin watsa ruwa na bara waccan.”

Na ce innalillahi. Fiye da shekara biyu ke nan ana zuba mana mutane safe da yamma, tsofaffi da masu ciki da ’yan makaranta, kurma yana tuƙa mu. Na tambaye shi to ta yaya yake tsayawa daidai, don ni ban taɓa ganin ya daki dandamali ba. Sai fuskar Lung ta washe, kamar wanda aka yabi ɗansa.

“Ke kin san Pi kuwa? Garin yake karantawa. A Tha Tien, in tsinin hasumiyar Wat Arun ya shigo tsakiyar tagarsa, ya san wutsiya ta daidaita. A Tha Chang rufin fada yake kallo. A Saphan Phut ƙafar gada. A Ratchawong akwai wani tsohon sito mai jan rufi. Abin da baƙi ke biyan kuɗi su kalla, shi da shi yake aiki. Sauran kuma a jikinsa yake ji, ta kujera. Ni nawa in bi shi da usur, don kada kowa ya gane.”

“Ya san ka sani?”

“Ina zai sani? Ni zan gaya masa?”

“To wa zai gaya masa, kifi?”

Ya naɗe ganyen ya ajiye. “Kiya, mutumin nan shi ya riƙe min lema ranar da na shiga haikali na zama sufi na ɗan lokaci don uwata ta sami lada. Shi ya kama akwatin gawar matata ta wajen kai. Tun muna tsirara nake bin bayansa. Yanzu in dube shi in ce Pi, ka kurumce, sauka ka ba yara wuri? Da wane bakin? In na faɗa, ya gama ɗaga kai a bakin kogin nan. A bar kaza cikin gashinta.”

Mu mutanen garin nan kara ta yi mana yawa, na sani, a cikinta aka haife ni. Mutum zai gwammace ya haɗiye ƙaya da ya yi kaki a gaban babba. Amma ni uwata mai sayar da kifi ce, ba ta bar min gadon haɗiya ba. Na ce masa hasumiya tana gaya wa Pi inda jirgi yake, ba ta gaya masa inda ƙafar mutum take. Na ce bakin rijiya ba wurin wasan makaho ba ne. Ya ce in bari ruwa ya janye tukuna, zai kai shi haikali su zauna su biyu ya san yadda zai zagaya maganar. Na ce ruwan da zai janye sai nan da wata biyu? Na ba shi zuwa Juma’a, in bai faɗa ba ni zan shiga ofis, kuma ya san ni. Ya dube ni kamar na mare shi, ya ce to.

Juma’ar ba ta riske mu lafiya ba.

Lokacin cikar kogi ne, ruwa ya yi ja, yana gudu da kainuwa tsibi-tsibi. Da la’asar muka iso Tha Tien a cike maƙil. Lung ya dira ya zarga igiya, wutsiya ta manne da tayoyi, mutane suka fara sauka. Cikinsu akwai wata tsohuwar Baturiya da mijinta, tun daga Sathorn take nuna min hoton Buda mai kwance a littafinta tana tambaya ko mun zo. Mijin ya tsallaka. Ita ta ɗaga ƙafa ke nan, sai igiyar ruwan wani jirgi mai jan jiragen yashi ta iso mu. Wutsiya ta ja da baya, ramin ya buɗe, ƙafarta ta zurma har cinya, ta maƙale tana riƙe da taya.

Thawin ya ji a kujerarsa cewa wutsiya ta saki, sai ya yi abin da kowane direban kirki zai yi in babu wanda ya hana shi. Ya dawo da baya don ya rufe ramin.

Lung ya hura. Ban taɓa jin usur irin wannan ba, kafin ranar ko bayanta. Doguwa, sannan biyu, biyu, biyu. Masu jiran jirgin fito a wancan tsallaken sun waiwayo. Fasinjoji suka ɗauki ihu. Injin dai ya ci gaba da gurnaninsa, madubin direba kuma babu komai a cikinsa sai kawunan mutanen da ke tsaye. Na ga Lung ya tofar da usur ɗin, ya zauna a bakin dandamali ya zura ƙafafu cikin ramin, ya sa kafaɗa ƙarƙashin hammatar matar ya cillo ta sama kamar buhu. Mijin ya cafe ta. Lung ya zaro ƙafa ɗaya. Ɗayar bai samu zarowa ba.

Ban san yadda na keta mutanen nan na isa gaba ba. Na dai san na daki kafaɗar Thawin da gwangwanina ina cewa gaba, gaba. Ya waiwayo da murmushin nan nasa, ya gyaɗa min kai. Sai da na kama hannunsa na tura da kaina. Murmushin nan har yau ban manta shi ba.

An yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa. Baturiyar ƙujewa kawai ta yi, ta zo asibiti da furanni tana kuka tana magana, Lung na gyaɗa mata kai yana tambayata ko ta samu ta ga Budan nata. Bayanta wani ma’aikacin kamfani ya zo da kwandon ’ya’yan itace da tambayoyi. Ina tsaye a wurin Lung ya ce masa, “Ni na hura ba daidai ba. Na ruɗe, na ce a dawo baya. Tsufa ne, ranka ya daɗe.” Mutumin ya ji daɗin amsar, don gajeriya ce kuma mai laifin ba zai sake komawa aiki ba. Ya tafi. Ni kuwa na juyo kan Lung.

“Ƙarya a kan gadon asibiti, Lung? Ba ka ji tsoron komai ba?”

“An gama, Kiya. Ƙafa dai ta tafi. Kada a haɗa da mutuncinsa.”

“Ba a gama ba. Litinin jirgi zai koma ruwa, Pi ne a gaba. Sun ɗauko Somkhuan daga jirgin safe ya kama igiyarka. ’Ya’yansa uku, ƙaramar ko yaye ba a yi ba. Shi bai san bin inji da usur ba, hurawa zai yi ya zata ana jinsa. Ƙafarsa za ka ba kogin, ko ta wa?”

Ya rufe ido. Na ce masa gobe da safe ina ofis, abin da na gani shi zan faɗa. Can ya ce, “Kada ya ji daga bakin ofis. Ki bar ni da shi yau.” Na ce in yana so in rubuta masa a takarda ya miƙa. Ya ce maganar da ta ci ƙafarsa ba za ta fita ta hannun wani ba.

Kullum da yamma Thawin ke zuwa. Ya rame a ’yan kwanakin nan, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Zai zauna a ɗan benci kusa da gado ya dinga ɓare lemo yana miƙa wa Lung ɓari-ɓari. Ɗakin babba ne, gadaje jere biyu, ’yan jinya a kan tabarmi, lokacin ziyara ne kuma ko’ina mutane. Ranar na koma gindin taga na tsaya.

Lung ya yafito shi. Thawin ya sunkuyo, Lung ya kai bakinsa daidai kunnensa ya faɗa. Na ga leɓensa, na san abin da ya ce. Thawin ya ɗago ya yi murmushi, ya gyaɗa kai, ya miƙa masa ɓarin lemo. Lung ya sake yafito shi, ya faɗa da ɗan ƙarfi, har na gadon kusa ya juyo. Thawin ya sake gyaɗa kai, ya ci gaba da ɓare lemonsa.

Sai Lung ya dafa ƙarfen gado ya tashi zaune, abin da likita ya hana. Ya ja numfashi irin na mutumin da ya shekara talatin yana gasa da inji.

“Pi Thawin! Ba ka ji! Ka kurumce! Na hura, na hura, ba ka ji ba! Kada ka sake hawa jirgi!”

Wata mai ba mijinta kunu ta tsaya da cokali a sama. Nas ta leƙo daga ƙofa. Abin da mutumin nan ya shekara biyu yana rufewa da huhunsa, ya ƙara da ƙafarsa, shi ne ya tona da bakinsa a gaban mutum hamsin da bai sani ba, kuma ƙane ne yake yi wa yayansa. Ni da na matsa masa sai da na sunkuyar da kai.

Thawin ya ajiye lemon a kan gado. Ya goge hannunsa a wando, a hankali, yatsa bayan yatsa. Ya miƙe, ya haɗa hannuwa ya rusuna wa mutanen ɗakin, hagu da dama, kamar mai neman afuwar hayaniyar da aka yi musu. Bai dubi Lung ba. Ya fita. Lung ya ja mayafi ya rufe fuskarsa, gadon ya dinga girgiza. Ranar da aka yanke ƙafarsa bai yi hawaye ba.

Da safe na je ofis na tarar an riga ni. Thawin ya ajiye makulli, ya faɗa musu komai da bakinsa, ya ce mai igiyarsa bai taɓa hura kuskure ba tun da ya san shi. Kafin mako ya ƙare ya kwashe kayansa ya koma Ang Thong wurin ’yan uwan matarsa. Bai yi sallama da kowa ba, bai sake taka asibitin ba.

Lung ya warke, aka yi masa ƙafar roba da bai taɓa shiri da ita ba. ’Yarsa Lamai, mai aiki a masaƙa, ta samar masa ɗan teburi a tashar wani haikali a Nonthaburi, yana sayar da busasshen burodi ga masu ciyar da kifi don neman lada. Baƙi kan biyo ta nan jefi-jefi, kuma ko a zaune bai daina gyara musu hanya ba. Nakan je masa ranar hutuna da shinkafa da kaza. Duk sabuwar shekara sai ya aika wa Thawin saƙo ta hannun masu zuwa Ang Thong, gwangwanin shayi ko sabon zanen wanka. Ba a taɓa dawo da kayan ba, ba a kuma taɓa aiko da amsa ba.

“Kiya, na yi daidai kuwa?” Kusan duk zuwa sai ya tambaye ni.

“Ka yi daidai, Lung. Somkhuan na nan da ƙafafunsa biyu, har ya yi tumbi.”

“Na sani. Ƙafar ba ta dame ni ba, ta yi aikinta. Idon mutanen nan da na tara masa ne. Da na san wata hanya…”

“Babu wata hanya. Shi ya ƙi ji.”

“Bai ƙi ba. Ba ya ji ne.”

A nan muke rabuwa kullum. Na ji haushin Thawin shekarun nan, ba zan ɓoye ba. Na ce wane irin girman kai ne zai sa mutum ya bar wanda ya ba da ƙafa dominsa yana jiran gaisuwa kamar mai jiran jirgin da aka soke. Lung ba ya so in faɗa, sai ya ce in rage murya kifi na ji.

Huhu ne ya kashe shi, shekara huɗu ko biyar bayan haka. Hayaƙin inji na shekaru ya taru ya nemi hakkinsa. Aka ajiye akwatin gawarsa a haikalin da yake sayar da burodi, kwanakin da sufaye ke zuwa da magariba su yi masa karatu kafin a ƙona. Ni ba addinina ba ne, amma na je, na zauna a kujerar baya da baƙin mayafina. ’Yan kogi sun cika wurin, direbobi da masu igiya da mu ’yan tikiti, wasu ko rigar aiki ba su cire ba.

Kafin a fara karatu, wani na jikin mamaci kan je ya ɗan ƙwanƙwasa akwatin, ya raɗa masa cewa ya saurara. A rana ta ƙarshe Lamai ta miƙe za ta yi, sai ta tsaya. Wani tsoho ne ya shigo da baƙar riga, ya bushe kamar kara, yana tafe yana dafa kujeru. Sai da ya wuce ta gabana na gane Thawin ne. Lamai ta haɗa hannuwa ta ba shi hanya.

Ya durƙusa a gaban akwatin. Ya ƙwanƙwasa, ba a hankali ba, don ba ya jin ƙarar hannunsa, katakon ya amsa har ƙofa. Sannan ya kai bakinsa jikin akwatin. Ina jin a zatonsa raɗa yake yi, amma muryar ta cika zauren.

“Chuang! Kai Chuang, ni ne! Na ji ka! Tun da ka faɗa min a kunne na ji, tun na farko! Kunya ce ta hana ni amsawa, na bar ka ka yi ihu! Ka ji ni? Chuang!”

Na tusa mayafi a bakina. Direban da ke kusa da ni, ƙato mai zane a fatar hannu, ya kifa kai a gwiwa. Sufayen huɗu na zaune a jere da maficinsu a gaban fuska, suka jira, suka jira, har babbansu ya ga tsohon ba shi da niyyar tashi, ya ɗaga murya suka fara karatu. Thawin bai san an fara ba. Ya ci gaba da ƙwanƙwasa akwatin yana kiran sunan ƙanensa, kuma babu wanda ya tashi ya hana shi.